Gangara, sandar ɗagawa da kurar igiya: me ya kamata ƙananan yara su fara sani?

Malamar Aji Ɗaya:
Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina neman shawara a kan darasin da nake shirin fara wa yarana, waɗanda shekarunsu suke tsakanin biyar da bakwai. Darasin a kan ƙananan kayan aiki ne, irin su gangara da sandar ɗagawa (sandar da ake tokarawa a kan wani abu a ɗaga kaya da ita) da taya da kurar igiya (ƙaramar taya da igiya take bi ta kanta a ja kaya), da yadda kowannensu yake sauya tafiyar abin da aka tura ko aka ja. Littafin da ke hannuna ya jero su guda shida, ya zana hoton kowanne, sannan ya rufe da jimla ɗaya cewa suna sauƙaƙa aiki. Idan na rubuta wannan a allo za su haddace shi kafin a tashi, amma zuciyata ba ta kwanta da cewa yaron da ya maimaita mini jimlar ya fahimci wani abu ba. A waɗannan shekaru me ya fi dacewa a sa a gaba, sunayen kayan, ko ƙa'idar da suke aiki da ita, ko kuwa a zube musu kayan a bar su su yi wasa?

Malamin Kimiyya:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ni a sakandare nake koyarwa, saboda haka yaran da kuka yaye su ne suke isowa hannuna, kuma wannan jimla ta littafinki ita ce ta fi ba ni wahala. Ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce, kuma rabin da aka ɓoye shi ne ainihin darasin. Yaro yana zuwa da tunanin cewa kayan aiki suna ba mutum ƙarfi kyauta, alhali ciniki ake yi da su, ana rage ƙarfin da za a sa, ana kuma ƙara nisan da za a yi. Idan za a ɗora akwati a kan dandamali mai tsayin mita 1, aka jingina katako mai tsawon mita 3, ƙarfin turawa zai sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin akwatin, idan an cire abin da gogayya, wato gugar akwatin da jikin katakon, take ci, amma mai turawa zai yi tafiyar mita 3 maimakon mita 1. Tun wajejen shekarar 1600 Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya rubuta a kan masu sana'ar da suke zaton za a iya yaudarar halitta da na'ura, ya nuna cewa abin da aka samu ta fuskar ƙarfi ana biyansa ta fuskar nisa da lokaci. Idan yaro ya bar ajinki da wannan fahimta ita kaɗai, ko bai san sunan kaya ko ɗaya ba, kin gama mini rabin aikina.

Maman Tagwaye:
Malam, ka yi haƙuri, amma ina ganin ka ɗauko wa 'yan shekara biyar kayan da ya fi ƙarfinsu. Nawa biyun suna cikin wannan shekaru, kuma har yanzu kashi ɗaya cikin uku ba shi da wata ma'ana a wurinsu. Ta yaya za a yi musu maganar cinikin ƙarfi da nisa, alhali ƙidayar tsawo da rula ma ba ta zauna musu ba?

Injiniya:
Hajiya, abin da Malam yake nufi ba ya bukatar lissafi ko kaɗan, kuma za ki iya gwada shi yau da ƙofar ɗaki. Ki sa ɗaya daga cikinsu ya tura ƙofar da yatsa ɗaya daga wajen mariƙi, sannan ya koma ya tura ta da wannan yatsan dab da inda aka kafe ta. A karo na biyu za ki ga ya cije leɓe, yatsan ya lanƙwashe, wataƙila ma ya haɗa da kafaɗa. Daga nan ki tambaye shi a wane wuri ne ya fi shan wuya, zai faɗa miki nan take. Tambayar da ta fi muhimmanci kuwa ita ce ta biyu: a wane wuri ne hannunsa ya yi tafiya mai tsawo? Idan bai lura ba, ki riƙa masa alli a hannu yana shata ƙasa yayin da ƙofar take buɗewa, zai ga layi dogo a wajen mariƙi da guntun layi a wajen makafa. Ƙarfi kaɗan da tafiya doguwa a nan, ƙarfi mai yawa da tafiya gajeriya a can. Cinikin ke nan gaba ɗayansa, kuma jikinsa ne ya gaya masa, babu lamba ko ɗaya a ciki.

Tsohon Hedimasta:
Na karanta abin da kuka rubuta, kuma ban ƙi shi ba, amma bari in tsaya wa littafin Malama tunda babu wanda ya tsaya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙwaƙwalwar yaro a wannan lokaci tana kama suna cikin sauƙi. Yaron da ya san sunan abu yana iya tambaya a kansa, yana iya gane shi idan ya gamu da shi a wani littafi. Wanda aka bari da "wancan abin" kuwa bakinsa a rufe yake. Na kuma ga azuzuwa da yawa da aka ce ana koyo ta hanyar wasa, na shiga na tarar da hayaniya kawai, wannan yana jifa da ƙwallo, wancan ya mayar da katako bindiga, malami yana tsaye yana kallo yana cewa suna gano abu da kansu. Ƙofa ɗaya da yaro ɗaya a gida abu ne mai sauƙi. Aji cike da yara, da darasi na rabin awa, wani abu ne daban. Malami aikinsa ya faɗa, ya nuna, ya tambaya, kuma ban ga abin kunya a cikin haka ba.

Dakta (mai nazarin koyon yara):
Baba, ranka ya daɗe, a cikin maganarka akwai abin da bincike ya goyi baya, akwai kuma wanda ya saɓa masa, kuma zan fara da wanda ya goyi baya. A shekarar 2004 David Klahr da Milena Nigam sun wallafa gwajin da suka yi a Amurka da yara 112 na aji uku da aji huɗu, kuma da gangara da ƙwallo suka yi shi. Abin da ake son yaran su koya shi ne shirya gwaji na adalci, wato a sauya abu ɗaya tak a bar sauran yadda suke, domin a san abin da ya jawo bambanci. Cikin waɗanda aka koya wa kai tsaye da misali da bayani, kashi 77 cikin ɗari sun ƙware, cikin waɗanda aka bari su gano da kansu kuwa kashi 23 ne kawai. Saboda haka zube kaya a koma gefe ba koyarwa ba ce, a nan ina bayanka.

Sai dai mu lura da abin da aka koya musu kai tsayen. Hanyar gwaji aka koya musu, ba jerin sunaye ba, kuma gangarar tana gabansu suna ganin ƙwallon tana gangarowa. Yaran ma sun girmi na Malama da shekara uku ko huɗu. Game da ƙananan akwai wani aikin da nake ganin ya fi kusa da tambayarta. A shekarar 1976 Robert Siegler ya yi amfani da ma'auni mai hannu biyu, wanda ake ɗora nauyi a wurare daban-daban a kowane hannu, yana tambayar yara wane ɓangare ne zai sauka. 'Yan shekara biyar kusan dukkansu yawan nauyi kawai suke dubawa, duk inda ya fi yawa nan ne zai sauka a wurinsu, ko da kuwa na ɗaya ɓangaren yana can nesa da tsakiya. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, da ya nuna musu ma'aunin ya rufe, ya ce su sake jera irinsa, sai suka kawo adadin nauyin daidai amma suka ɗora shi ko'ina. Nisan bai ma shiga idonsu ba, balle su yi hukunci da shi. Da aka horar da su a kan lura da inda nauyin yake zaune, sai suka fara amfana da gwajin da a da yake wuce su. Wannan ya nuna mini cewa aikin malamar aji ɗaya shi ne ta juya idon yaro zuwa abin da ba ya kallo, kuma tambayar Injiniya ta biyu, wadda ya yi da alli, ita ce irin wannan aikin.

Tsohon Hedimasta:
Na gode, 'yata. To amma kin tabbatar da maganata ne ta wata ƙofa, domin yaro ba zai kalli nisa ba sai an ce masa ya kalla. Idan haka ne, me ya hana a gaya masa ƙa'idar gaba ɗaya tun farko a huta?

Dakta (mai nazarin koyon yara):
Abin da ya hana, Baba, shi ne ƙa'idar da aka ba yaro tun bai ji ta a hannunsa ba takan rufe masa ido maimakon ta buɗe. Annette Karmiloff-Smith da Bärbel Inhelder sun yi wani gwaji a Janeba a tsakiyar shekarun 1970, suna ba yara guntayen katako su daidaita a kan siririn ƙarfe, wasu katakan an ɓoye musu nauyi a gefe ɗaya. Ƙanana 'yan shekara huɗu zuwa biyar suna yin nasara, domin suna matsar da katakon ne a hankali har su ji ya tsaya. 'Yan wajen shekara shida kuwa suna kasawa, saboda sun riga sun ƙulla a ransu cewa kowane abu a tsakiyarsa yake daidaita, sai su ɗora a tsakiya ya faɗi, su sake ɗorawa a tsakiya ya sake faɗuwa, har su ce wannan ba ya daidaituwa. Da aka ce su rufe ido, sai suka daidaita shi da ji na hannu. Ka ga ƙa'idar da suka ƙirƙiro da kansu ma ta danne abin da hannunsu ya sani, ina ga wadda babba ya faɗa musu da muryar da ba a musu da ita.

Akwai kuma gwajin Elizabeth Bonawitz da abokan aikinta na shekarar 2011, inda aka ba yaran da ba su shiga firamare ba wani abin wasa mai ɓoyayyun ayyuka da dama. Waɗanda babba ya ce musu ga yadda yake aiki, ya nuna musu aiki ɗaya, sun tsaya a kan wannan aikin, sun gano kaɗan daga sauran. Waɗanda aka nuna musu kamar bisa tsautsayi aka gano aikin sun daɗe suna bincike, sun kuma gano fiye. Yaro yana ɗauka cewa abin da malami ya faɗa shi ne duk abin da ke akwai. Don haka ni abin da nake ba da shawara shi ne malama ta riƙe ragamar tambaya da tsarin gwaji da ƙarfi, amma ta jinkirta amsa.

Malamar Aji Ɗaya:
Allah ya saka da alheri, na fara ganin hanya. Amma ku sauko da ni ƙasa, domin ranar darasi ba bincike zan riƙe a hannu ba. Da wanne zan fara, kuma me zan ce musu da bakina?

Injiniya:
Ki fara da gangara, Malama, domin ita ce ba ta da wani sashe da yake ɓoye. Katako ɗaya mai santsi, da littattafai da za ki tara a ƙarƙashin kansa, da ƙwallo ko ƙaramar motar wasa sun isa. A rana ta farko saukowa kawai za a duba. A saki motar daga kan littafi biyu a sa alama inda ta tsaya, a ƙara littattafan su zama huɗu a sake saki. Dokar wasan ita ce saki ake yi, ba a turawa, kuma a nan ne za ki sha fama, domin kowane yaro yana son motarsa ta yi nasara, zai ɗan ingiza ta da yatsa yana kallon gefe. Kada ki tsawata masa. Ki tambayi sauran ko wannan tseren ya yi adalci, za su fi ki zafi a kan maganar, kuma daga nan suka fara koyon sauya abu ɗaya tak da Dakta ta ambata.

A rana ta biyu a juya, a koma hawa. Ki ɗaura roba mai miƙewa a jikin ƙaramin kwali da aka zuba wa duwatsu, yaro ya ɗaga shi tsaye zuwa kan tebur, kowa ya ga yadda robar ta miƙe. Sannan a ja shi ta kan gajeren katako, a sake ja ta kan dogo. Robar ita ce ma'auninku, tana nuna ƙarfi a fili ba tare da lamba ba, kuma tsawon katakon yana nuna nisa. Abu ɗaya da zan gargaɗe ki a kai shi ne gogayya. Idan katakon yana da kaushi, kwalin kuma ba shi da taya, robar tana iya miƙewa a kan gangarar kusan yadda ta miƙe a ɗagawa tsaye, sai gwajin ya ƙaryata ki a gaban yara. Ki ɗora kwalin a kan motar wasa, ko ki gwada komai ke kaɗai kafin su shigo.

Malamin Kimiyya:
Ina goyon bayan farawa da gangara, kuma tarihi ma yana nuna dalilin da ya sa bai kamata a yi gaggawar lissafinta ba. Masanin lissafi Arkimidis na Sirakus ya tabbatar da ƙa'idar sandar ɗagawa tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ƙa'idar gangara ta gagari masana har zuwa ƙarni na 13, kuma hujjar da ta fi shahara a kanta ita ce ta Simon Stevin a shekarar 1586. Alhali mutane sun daɗe suna jan duwatsu a kan gangara, domin a shekarar 2018 an tono wata tsohuwar gangara mai matakala a gefe biyu da ramukan turaku a mahaƙar dutse ta Hatnub a Masar, wadda ta kai zamanin gina manyan dala. Hannu ya riga alƙalami da dubban shekaru.

Baba, ga wani abu kuma game da shidan nan da littafi ya jero. Hiro na Iskandariyya, a ƙarni na 1, guda biyar ya lissafa, kuma babu gangara a cikinsu. Wasu masana daga baya sun ce ainihinsu biyu ne kawai, tunda bakin gatari gangara ce mai tafiya, noti gangara ce da aka naɗe a jikin sanda, kurar igiya da taya mai sanda kuwa dangin sandar ɗagawa ne. Adadin tsari ne na masu rubutu, ba abin da yaro zai gano a jikin kayan ba ne. Maganar noti ma ana iya nuna ta a minti biyu: a yanke takarda mai kusurwa uku, a ja layi mai kauri a dogon gefenta, a naɗe ta a jikin fensir, sai ga zaren noti ya fito yana hawa a karkace.

Maman Tagwaye:
Na gwada ƙofar ɗazu, kuma gani ya kori ji. Ɗayan ya ce wajen makafar ƙofar ta fi nauyi, ɗayan ya ce ƙarya ne, ƙofa ɗaya ce nauyinta ɗaya, suka kama gardama. Ban raba musu ba saboda ban san yadda zan faɗa daidai ba. Injiniya, wanne ne da gaskiya? Sannan ina son sanin yadda ake nuna sandar ɗagawa a kan tebur.

Injiniya:
Na biyun ne da gaskiya a kan nauyi, Hajiya, na farkon kuma da gaskiya a kan abin da yatsansa ya ji, kuma gardamarsu ta fi duk amsar da zan ba ki daraja. Ki tambaye su, idan ƙofar ba ta sauya ba, to me ya sauya? Ki bar su su kai kansu ga cewa wurin turawa ne.

A kan tebur kuwa, rula mai santimita 30 da fensir mai kusurwoyi, wanda ba ya mirginawa, sun wadatar. A kwantar da fensirin a ƙarƙashin lamba 15 ya zama matokari, a ɗora marfin kwalba ɗaya a kowane gefe har su daidaita. Sai ki ƙara marfi na biyu a kan na hagu, rular ta karkata, ki ce musu su daidaita ta ba tare da sun ƙara ko sun cire marfi ba. Za su daɗe suna kallo, domin kamar yadda Dakta ta ce, nauyi kawai suke gani. Can wani zai matsar da marfi biyun zuwa ciki bisa gwaji, ya ga rular ta ɗago. Marfi biyu a nisan santimita 5 daga fensir suna daidaita da marfi ɗaya a nisan santimita 10, amma wannan lissafin naki ne ke kaɗai, su abin da za su riƙe shi ne mai nauyi ya matso kusa, marar nauyi ya ja baya.

Ɗaliba Mai Koyon Malanta:
Malamaina, ina bin muhawarar a hankali, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Idan kowane kayan aiki ciniki yake yi tsakanin ƙarfi da nisa, to kurar igiya da ake ɗaga tuta da ita fa? Nauyin tutar bai ragu ba, igiyar da aka ja kuma daidai take da hawan da tutar ta yi. Haka ma tayar da ke ƙarƙashin akwatin tafiya, ban ga nisan da aka ƙara ba.

Injiniya:
Ƙanwata, tambayarki ta gyara mana zance, domin mun yi ta maganar ciniki kamar shi kaɗai ne. Kurar da aka kafe a sama ba ta rage ƙarfi, alkibla take juyawa: kina ja ƙasa, kaya yana hawa sama, kuma ja ƙasa ya fi daɗi saboda nauyin jikinki yana taimaka miki. Sai an rataye kayan a jikin kura mai tafiya tare da shi, igiya biyu suna ɗauke da shi, sannan ƙarfin yake raguwa zuwa kusan rabi, kuma a lokacin za ki ja igiya mita 2 kafin kayan ya hau mita 1. Tayar akwati kuwa gogayya take ragewa, tana mayar da ja a ƙasa ya koma mirginawa. Ta bambanta da sitiyarin mota ko mariƙin sukurudireba, inda babban da'ira yake juya siririn sanda, wanda shi ne ciniki na gaske.

Akwai ma kayan da suke cinikin a juye. Mai shara da doguwar tsintsiya mai sanda yana sa ƙarfi fiye da wanda bakin tsintsiyar yake bayarwa, amma hannunsa yana motsi kaɗan, bakin yana share wuri mai faɗi da sauri. Wannan kaɗai ya isa ya nuna gibin da ke cikin jimlar littafin Malama. Shi ya sa tambayar da nake so yaro ya saba da ita a gaban kowane kayan aiki ita ce, me ya sauya? Wani lokaci ƙarfi ne, wani lokaci nisa ko sauri, wani lokaci kuma alkibla ce kawai.

Dakta (mai nazarin koyon yara):
Wannan tambaya ta ɗalibarmu ta sa zan ba Malama shawarar ta ajiye kura mai tafiya zuwa gaba. Constance Kamii da Rheta DeVries, a littafinsu na shekarar 1978 a kan ilimin abubuwa ga ƙananan yara, sun kawo sharuɗɗan aikin da ya dace da wannan shekaru: yaron ne da kansa zai haddasa motsin, zai iya sauya yadda yake yi, sakamakon zai fito a fili, kuma zai fito nan take. Gangara da rula sun cika dukkansu. Kura mai igiya da yawa ba ta cika ba, domin idon yaro ba ya iya bin inda ƙarfin yake rarrabuwa. Manhajoji ma haka suka jera abin. Ma'aunan koyar da kimiyya da aka fitar a Amurka a shekarar 2013 sun tsayar da 'yan ajin share fage a kan turi da ja, da yadda ƙarfinsu da alkiblarsu suke sauya motsin abu. Manhajar Ingila kuwa sai a aji biyar, wajen shekara tara zuwa goma, take kawo cewa sandar ɗagawa da kura da giyar inji, wato taya mai haƙora, suna sa ƙaramin ƙarfi ya yi babban tasiri.

Tsohon Hedimasta:
Na ji bayananku, kuma na yarda a fara da hannu. Amma ban janye maganar suna ba. Idan yaro ya gama turawa da ja, a gaya masa sunan abin da ya taɓa kafin ya fita, kada a bar shi da labari kawai. Sannan tunda babu wanda ya ambata, bari tsoho ya ambata: igiya ba ta zama a hannun ƙananan yara sai da babba a tsaye, domin wuya suke fara naɗa ta. Marfin kwalba da ƙananan duwatsu a nisanta su daga ƙannen da ba su kai shekara uku ba. Katakon da za a ɗaga abu mai nauyi da shi kuma a duba inda yatsun sauran suke kafin a saki.

Malamin Kimiyya:
A kan suna bayan gwaji babu saɓani tsakaninmu, Baba, Allah ya ƙara girma. Inda nake jin tsoro shi ne jarrabawa, domin abin da aka tambaya shi ne abin da za a koyar, kuma muddin tambayar ita ce a lissafa guda shida, duk wannan zancen namu zai koma hadda.

Malamar Aji Ɗaya:
Wannan kuwa yana hannuna, Malam, tunda ni nake tsara tambayoyin ajina. Abin da nake tunani shi ne in kira su uku-uku, in ajiye kwalin littattafai da ba sa iya ɗagawa, da katako dogo da gajere, da guntun icce, in ce su ɗora kwalin a kan benci ta duk hanyar da suka ga dama. Wanda ya zaɓi dogon katako zan tambaye shi dalili, wanda ya zaɓi gajere ya kasa kuma zan ga ko zai sauya. Sunayen da Baba yake so zan tambaye su a baki a wurin, suna nuna abin da hannu. Damuwata ɗaya ita ce lokaci, domin kafin rukuni na ƙarshe ya shigo, na farko sun riga sun gaya musu amsar a waje.

Dakta (mai nazarin koyon yara):
Ki sauya kayan tsakanin rukuni da rukuni, Malama. Wasu ki ba su bencin da katakan, wasu ki ba su rula da marafe uku a gefe ɗaya da ɗaya a ɗaya gefen, wasu kuma ki cire dogon katakon ki bar musu guntun iccen da sanda kawai. Wanda aka gaya wa ya ɗauki dogon katako zai shigo ya tarar babu shi, kuma a nan za ki ga ko ya san dalilin da ya sa dogon ya yi aiki.